Abin da Na Yafe da Abin da Ban Iya Yafewa Ba a Hatsarin Hanyar Zariya

Motar da nake magana a kanta Toyota Corolla ce ƙirar 2008, wadda na saya a ƙarshen shekarar 2022 da rancen ƙungiyar adashen ma'aikata ta wurin aikinmu a Kano, bayan na shafe shekara goma sha ɗaya ina hawa babur. Sharaɗin ƙungiyar shi ne duk motar da aka saya da kuɗinta sai an yi mata cikakkiyar inshora har ranar da aka gama biyan bashi, wato irin inshorar da ke ɗaukar nauyin gyaran motar mai ita da kuma ɓarnar da ya yi wa wasu. An yi wa motar kuɗi naira miliyan 3 da dubu 500, aka ce in biya kashi 5 cikin ɗari, wato naira 175,000, a watan Janairun 2023. Ban ɓoye wa sakataren ƙungiyar ba cewa a ganina an zuba kuɗin nan ne a rijiya, shi kuwa yayana da ya ji labari cewa ya yi wannan caca ce aka sa mata kwat. A wancan lokaci inshora a wurina takarda ce da ake miƙa wa ɗan sanda a shingen bincike don ya bar mutum ya wuce, saboda haka na naɗe takardun yarjejeniyar, shafi goma sha huɗu, na cusa su a aljihun gaban mota ba tare da na karanta ko layi ɗaya ba.

A cikin watan Agusta na shekarar 2023 muka je Zariya ta'aziyyar wata gwaggon mai ɗakina, muka kamo hanyar gida bayan la'asar ana yayyafi. Mun wuce Kwanar Dangora kaɗan sai muka tarar da wata tirela ta lalace ta tare rabin hanya, motoci suna rage gudu suna komawa hannu ɗaya. Na taka birki na bi bayan wata a-kori-kura mai ɗauke da buhunan masara. Ban ga motar hayar da ke bayana ba, ƙara kawai na ji kamar an jefar da ganga daga saman bene, sai motarmu ta yi gaba da kanta ta daki bayan a-kori-kurar. But ya shige ciki, gilashin baya ya zube a kan kujera kamar gishiri, bonet ya lanƙwashe, ruwan lagireto yana tsiyaya a kwalta yana tururi. Allah ya kiyaye rayuka, domin ban da ciwon wuya da mai ɗakina ta yi mako biyu tana fama da shi, da wata tsohuwa a motar hayar da ta fasa leɓe, babu wanda ya ji rauni.

Ni da na fito ban san abin da nake yi ba, sai salati nake ta maimaitawa ina zagaya motar. Mai ɗakina ce, tana dafe da wuya, ta ce: "Malam, kada ka bari a matsa da motar nan sai na ɗauki hoto." Ta ɗauki hoto fiye da talatin da wayarta: yadda motocin uku suka tsaya a jere, lambar kowace mota, sawun tayar motar hayar a kan jiƙaƙƙiyar kwalta, gaban motarmu da bayanta tun kafin kowa ya taɓa su. A lokacin har na ji haushinta, ina ganin mutane sun taru suna yi mana barka ita kuma ta tsaya ɗaukar hoto kamar 'yar jarida. Wani daga cikin fasinjoji ya kira lamba 122, jami'an Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa suka iso suka buɗe hanya, daga baya 'yan sanda suka zo suka auna wurin suka zana, aka kira janwe ta ja motata zuwa ofishinsu.

Kuskurena na farko a nan bakin hanya na yi shi. Direban a-kori-kurar ya nuna mini ƙofar bayan motarsa da ta lotsa, ya ce shi ba ruwansa da wanda ya turo ni, ni na dake shi, kuma masarar mutane ce yake sauri ya kai kasuwa. Mutanen da suka taru suka sa baki, aka yi ciniki, na ciro naira 20,000 na ba shi ya tafi. Daga baya na gane cewa ɓarnar da motata ta yi wa tasa tana cikin abin da inshorata ke biya, amma da sharaɗin kada in amsa laifi ko in biya kowa sai da sanin kamfanin. Wannan kuɗi bai dawo mini ba, kuma ban ga laifin kowa a ciki ba sai nawa.

Da daddare, bayan mun isa gida a motar wani bawan Allah, na kira sakataren ƙungiyarmu, shi ne ya tuna mini da takardun da na cusa a aljihun mota, ya kuma ba ni lambar wakilin kamfanin inshorar. Wakilin yaro ne matashi mai natsuwa. Bayan ya yi mini jaje ya ce: "Yallaɓai, abu uku nake roƙonka. Ka aiko mana sanarwa a rubuce gobe, kada ka bari bakanike ya taɓa motar, kuma kada ka sa hannu a wata takardar sulhu sai ka faɗa mini." Washegari na je ofishin 'yan sanda na ciro takardun daga motar, a jiƙe saboda ruwan da ya shiga ta gilashin baya, na shanya su a kan benci na karanta su a karon farko. A nan na ga cewa kwana 30 aka ba ni in sanar da kamfanin, cewa akwai wani kaso na kuɗin gyara da ni zan ɗauka da kaina a kowane hatsari, kuma cewa idan kamfanin ya biya ni, haƙƙin bin wanda ya yi mini ɓarna ya koma hannunsa.

Wannan magana ta ƙarshe ita ce ta zama mini ƙashin wuya a zaman da aka yi ranar. Shugaban direbobi na tashar da motar hayar ke lodi ya zo da mutum biyar, har da mai motar da mahaifin direban, dattijo mai farin gemu da ya kusa kai sa'ar mahaifina. Direban da kansa bai fi shekara ashirin da biyar ba, yana tsugune a gefe ya sunkuyar da kai. Shugaban ya fara da cewa tsautsayi ba ya wuce ranarsa, kuma yaron nan kullum sai ya kai wa mai mota balas kafin ya samu na cefane, yana da mata da jariri, in aka kai shi kotu an kashe gida guda. Dattijon kuwa hularsa ya cire ya riƙe a hannu ya ce: "Alhaji, ɗanka ne, ka dubi Allah ka yafe masa." Duk wanda ya tashi a ƙasar Hausa ya san nauyin wannan magana idan ta fito daga bakin tsoho a gaban jama'a, kuma gaskiya zuciyata ta riga ta karkata ga yafewa tun kafin ya rufe baki.

Kafin a kai ga wannan, ɗan sandan da ke riƙe da maganar ya nemi takardun motar hayar, aka miƙo takardar inshora mai tambari da hatimi, kyakkyawa da ita. Wakilin kamfanina ya riga ya koya mini yadda ake tantancewa, cewa akwai rumbun bayanai da ƙungiyar kamfanonin inshora ta Najeriya ke kula da shi, ana danna *565*11# a waya a sa lambar mota. Na sa lambar motata, bayanin inshorata ya fito. Na sa ta motar hayar, babu komai. Mai motar ya rantse cewa kuɗi ya biya, a hannun wani mutum da ke zama ƙarƙashin bishiya a ƙofar ofishin da ake sabunta takardun mota, wanda ya haɗa masa komai a rana ɗaya. Na yarda da rantsuwarsa, domin ni ma lokacin da nake da babur ta irin wannan hanya nake samun takarda. Abin takaicin shi ne tun ranar 1 ga Janairun 2023 Hukumar Kula da Inshora ta Ƙasa, NAICOM, ta mayar da kuɗin inshorar ɓangare na uku, wato wadda ke biyan ɓarnar da mutum ya yi wa wasu kawai, na ƙananan motocin gida daga naira 5,000 zuwa 15,000, ta kuma ɗaga iyakar diyyar ɓarnar dukiya daga naira miliyan 1 zuwa miliyan 3. Da takardar da ke hannun mutumin nan ta gaske ce, da akwai kamfanin da zai tsaya masa, da kuma tsohon nan bai cire hularsa a gabana ba, ni da nake kamar ɗan cikinsa.

Na nemi a ba ni minti goma, na fita na kira wakilin. Ya bayyana mini cewa idan na rubuta na yafe komai na janye magana, na toshe wa kamfanin hanyar bin haƙƙinsa, kuma hakan na iya zama dalilin ƙin biyana, ga shi ba zan samu rahoton 'yan sanda da ke nuna yadda abin ya faru ba. Na tsaya a gindin wata darbejiya ina tunanin bashin ƙungiya da ake cirewa daga albashina kowane wata, wanda saura wata goma sha shida a gama, ko da mota ko babu. Da na koma na ce wa dattijon: "Baba, abin da yake nawa na yafe. Ciwon iyalina, da wahalar da na sha, da kuɗin da zai fita daga aljihuna, ba zan nemi ko kwabo a wurin ɗanka ba, kuma ba na neman a tsare shi. Amma gyaran motar haƙƙin waɗanda suka ba ni rance ne da kamfanin da zai biya, mutum kuwa ba ya yafe abin da ba nasa ba." Shugaban direbobin bai ji daɗi ba, ya ce boko ya ɓata mu. Dattijon ya yi shiru na ɗan lokaci, sannan ya mayar da hularsa ya ce wannan magana ce ta shari'a, ya karɓa. Aka ba da belin yaron a ranar, aka rubuta bayanin kowa kamar yadda ya faru.

Daga nan aka shiga zirga-zirgar takardu, wadda ta fi hatsarin kansa cin rai. Kamfanin ya nemi fom ɗinsa a cike, da bayanina a rubuce tare da zanen yadda motocin suka tsaya, da kwafin lasisin tuƙina, da takardun mota, da rahoton 'yan sanda, da hotuna, da ƙiyasin kuɗin gyara daga gareji. Lasisina saura wata uku ya ƙare, kuma sai da na ga yadda suka duba kwanan watan da ke jikinsa na gane cewa da ya ƙare kafin ranar hatsarin da maganar ta mutu a nan. Rahoton 'yan sanda ya ɗauki kwana goma sha uku da tafiya huɗu daga Kano, kowace tafiya a motar haya, a lokacin da kuɗin mota ya ninka saboda cire tallafin man fetur da aka yi a ƙarshen watan Mayu.

Kuskurena na biyu ya faru ne bayan an saki motar na kai ta garejin wani mai gyaran jikin mota da na sani a unguwarmu. Na ce masa ƙiyasi kawai nake so, amma shi a saninsa ba a ƙiyasta ɓarna sai an buɗe, don haka kafin in dawo washegari yaransa sun kwance bamba ta gaba da fitilu da lagireto sun jera a ƙasa. Da injiniyan da kamfanin ya turo don tantance ɓarna ya zo ya ga haka, sai ya ɓata fuska ya ce ta yaya zai tabbatar cewa wannan fasasshen lagireto daga motar nan ya fito, ba daga tarin gwangwan da ke bayan gareji aka ɗauko shi ba. Ina jin zafin maganar amma na san tambaya ce mai ma'ana, domin ya gaya mini irin abubuwan da yake gani. Hotunan mai ɗakina ne suka fitar da ni. Akwai ɗaya da ta ɗauka a durƙushe, wanda ya nuna ruwa yana zuba daga ƙasan motar da lambar motar a fili, wani kuma ya nuna tsagewar fitilar hagu daidai da wadda ke ƙasa a gabanmu. Injiniyan ya daɗe yana faɗaɗa hoton da yatsunsa, ya duba lambar shasi, sannan ya ci gaba da rubutu.

Ƙiyasin mai gyaran ya kama naira miliyan 1 da dubu 450. Injiniyan ya bi shi layi-layi da jan biro. Inda aka rubuta sabuwar ƙofar but ya ce a buga tsohuwar a miƙe, inda aka rubuta sabuwar fitila ya ce motar da ta shekara goma sha biyar ba za a sa mata sabon kaya kamfani ya biya duka ba, ko dai a sa na Beljiyam ko in cika bambancin. Ya tambayi farashin wasu kayan ta waya a kasuwar Ƙofar Ruwa a gabanmu, wani wurin ya fi mai gyaran gaskiya, wani wurin mai gyaran ya fi shi. Kafin ya tafi ya faɗa mini wata magana da ta tsaya mini a rai, cewa in gode wa Allah motar tana gyaruwa, domin da ta mutu gaba ɗaya iyakar abin da za a ba ni ba zai wuce miliyan 3 da rabin da aka rubuta a Janairu ba, alhali tun da darajar naira ta faɗi a watan Yuni irin motata ba ta sayuwa a wannan kuɗi.

Sai kuma shiru ya biyo baya. Mako biyar ina kira ana ce mini fayil yana babban ofis a Legas, ko wanda zai sa hannu ya yi tafiya. Na koma hawa tsohon babur ɗina, mai ɗakina da yara suna shiga adaidaita sahu, motar kuma tana gareji an lulluɓe ta da tamfol, mai gyaran yana ƙorafin ta tare masa wuri. Wakilin nan yana iya ƙoƙarinsa amma abin ya fi ƙarfinsa, kuma shi ne ya ba ni shawara a kaikaice cewa kiran waya ba ya shiga fayil. Na zauna na rubuta wasiƙa mai shafi ɗaya, na jera ranar hatsari, ranar sanarwa, ranar da na miƙa kowace takarda da ranar da injiniya ya zo, na nemi amsa a rubuce cikin kwana goma sha huɗu, na kuma ambata cikin ladabi cewa na san NAICOM tana da sashen karɓar ƙorafin masu inshora. Na kai kwafi biyu ofishinsu na Kano, na tsaya har aka buga hatimin karɓa da kwanan wata a kan nawa. Sakataren ƙungiyarmu ma ya rubuta tasa, kuma ina zaton tasa ta fi tawa nauyi, tunda motoci da dama suke yi wa inshora a wurin.

Bayan kwana tara aka aiko da tayin biya, naira 940,000 bayan an cire kason da ke kaina. Na kusa sa hannu don gajiya, amma da na kwatanta da takardar injiniyan sai na ga babu lagireto da tukunyar na'urar sanyaya mota da ke gabansa, alhali ya amince da su a gabana, kuma babu kuɗin janwe duk da yarjejeniyar ta ambace shi har zuwa wata iyaka. Takardar da suke so in sa wa hannu tana cewa na karɓi kuɗin a matsayin cikakken biya na ƙarshe, wanda ke nufin duk abin da na tuna bayan nan ya wuce. Na mayar da ita ba sa hannu, tare da hoton nan na durƙushe da rasit ɗin janwe wanda Allah ya sa ban jefar ba. Aka gyara lissafin ya koma naira miliyan 1 da dubu 85, sannan na sa hannu. Dokar inshora ta 2003, wadda ke aiki a lokacin, ta ba kamfani kwana 90 ya biya bayan fitar da wannan takarda, ni kuwa nawa ya shigo cikin kwana goma sha shida, ta asusun ƙungiyarmu tunda sunanta na cikin yarjejeniyar, ita kuma ta riƙa sakar wa mai gyaran kuɗi kashi-kashi.

Tsakanin ranar ƙiyasi da ranar da kuɗi ya shigo kaya sun ƙara tashi. Na bi mai gyaran zuwa Ƙofar Ruwa da kaina, fitilar da aka yi mana kuɗinta a watan Satumba muka tarar an ƙara mata kusan kashi ɗaya cikin huɗu, mai shagon yana nuna mana farashin dala a wayarsa. Da aka gama fenti aka haɗa lissafi, abin da na cika daga aljihuna ya kai naira 260,000, ban da kuɗin zirga-zirga da na asibitin mai ɗakina. Na karɓi motar a farkon Disamba, kusan wata huɗu bayan hatsarin. Yayana da ya zo ganinta ya zagaya ta sau biyu, ya buɗe but ya rufe, ya ce har yanzu bai sauya ra'ayi kan halaccin abin ba, amma ya ji ana maganar takaful, wadda ake tafiyarwa bisa tsarin taimakekeniya na Musulunci, in bincika masa. Da lokacin sabuntawa ya zo a Janairun 2024 na nemi a sake yi wa motar kuɗi daidai da kasuwa, kuɗin inshorar ya ƙaru, na biya ina ciza yatsa amma ban ce rijiya ba.

Kamfanin ya aika wa mai motar hayar wasiƙa, suka yi nasu zaman wanda ba a gayyace ni ba. Direban kuwa ban sake ganinsa ba sai cikin watan Fabrairun 2025, makonni kaɗan bayan 'yan sanda sun fara tilasta inshorar ɓangare na uku a faɗin ƙasa daga ranar 1 ga watan. Ya yi sallama a ƙofar gidana da yamma da rabin buhun shinkafa 'yar Kura, ya ce mahaifinsa ya rasu da kaka, kuma kafin rasuwarsa ya bar masa saƙon ya zo ya gaishe ni. Na yi masa ta'aziyya, muka yi addu'a. Yanzu wata motar yake ja, ta wani mutum daban, kuma da zai tafi ya ciro takardunta daga aljihun rigarsa ya ce: "Baba, don Allah duba mini wannan, ta gaske ce?" Na danna lambar a wayata, muka tsaya a bakin ƙofa muna kallon fuskar wayar, sai ga sunan kamfani da ranar ƙarewar inshorar sun fito. Ya karɓi wayar ya karanta da kansa sau biyu, ya naɗe takardun ya mayar aljihu, na rako shi har bakin titi inda ya ajiye motar.